Jon Miyur, Abokin Duwatsu

An haifi Jon Miyur cikin shekara ta 1838 a wani gari na bakin teku da a ke kira Dunba, cikin ƙasar Sikotlan. A 1849 iyayensa suka yi ƙaura zuwa Amurka, suka kafa gona. Ubansa mutum ne mai tsanani, ba ya barin yara su huta da rana. Jon kuwa yana son karatu ƙwarai, saboda haka ya kan tashi tun tsakar dare ya yi ta karatu kafin a fita gona.

Da ya girma sai ya sami aiki a wata ma'aikata inda a ke ƙera kayan keken doki. Ran nan, cikin 1867, yana gyaran inji sai magagari ya suɓuce masa, ya soke shi a idon dama. Ba a jima ba ɗaya idon ma ya dushe. Aka kwantar da shi cikin ɗaki mai duhu har makonni, yana tsammani ya makance ke nan. Sannu a hankali ganinsa ya komo. Daga nan ya ƙudura a ransa ba zai ƙare kwanakinsa gaban inji ba, zai tafi ya dubi halittun Ubangiji tun idanunsa suna gani.

Ya ɗauki 'yar jaka ya kama hanya da ƙafa, ya yi tafiyar mil 1,000 har bakin teku a Fulorida. A 1868 ya isa Kalifoniya, ya shiga wani kwari mai suna Yosamiti. Duwatsun wurin sun miƙe tsaye kamar bango, waɗansu tsawonsu ya kai ƙafa 3,000, ga ruwa yana zubowa daga bisansu da ƙugi.

Miyur ya yi shekaru yana hawan duwatsun nan. Guzurinsa bai wuce burodi da ganyen shayi ba. Ba ya gaggawa wajen hawa. In hanya ta miƙe sama ya kan bi ta sannu, ya tsaya ya dubi fure ko tsuntsu, ya rubuta abin da ya gani cikin ɗan littafinsa, sa'an nan ya ci gaba. Ta haka ya lura da waɗansu zane-zane a jikin duwatsu, ya gane cewa tarin ƙanƙara ne ya gangaro a zamanin da, ya goge su, ya sassaƙa kwarin. Waɗansu masana suka yi masa dariya, amma daga baya aka tabbatar ƙanƙara ta yi babban aiki a wurin.

Ya ga wani abu kuma da ya ɓata masa rai. Dubban tumaki suna cinye ciyawar kan tudu har saiwa, masu gatari kuma suna sare itatuwan da suka shekara fiye da 1,000. Ya shiga rubutu cikin jaridu yana roƙon a kiyaye wurin. A 1890 gwamnati ta mai da duwatsun da ke kewaye da kwarin gandun daji na ƙasa. A 1903 Shugaban Amurka, Rusbelt, ya zo da kansa, suka kwana 3 a daji tare. Miyur ya yi masa bayani, a 1906 kuwa aka haɗa kwarin da gandun.

Ba kullum ya ke cin nasara ba. Ya yi shekaru yana faman hana a datse ruwa cikin wani kwari na gandun, amma a 1913 aka ba da izinin datsewa. Abin ya dame shi ƙwarai. Ya rasu ran 24 ga watan Disamba, 1914, yana da shekara 76.

Bayan rasuwarsa aka fid da wata hanyar ƙafa mai tsawon mil 200 da 'yan kai cikin duwatsun, aka sa mata sunansa. Har wa yau manya da yara su kan ɗauki sanda da gorar ruwa su hau ta, suna kallon abin da ya yi wahalar kiyaye musu.

Tambayoyi
1. Me ya sa Miyur ya bar aikin ma'aikata?
2. Yaya ya gane abin da ya sassaƙa kwarin Yosamiti?
3. Wace ɓarna ya gani a kan duwatsun?