Luigi Pirandello: Marubucin da ya kashe jaruminsa alhali yana raye

A cikin birnin Kano mutum ɗaya yana iya zama Malam a masallaci, Alhaji a Kasuwar Kurmi, Baban Wance a gida. Wanne ne shi na gaskiya? A kan irin wannan tambayar marubucin Italiya Luigi Pirandello ya ƙarar da rayuwarsa.

An haife shi a 1867 kusa da garin Agrigento da ke tsibirin Sisili. Mahaifinsa attajiri ne mai haƙar farar wuta. Ya yi digirin digirgir a Bonn ta ƙasar Jamus, sannan aka haɗa shi aure a 1894 da Antonietta Portulano, 'yar abokin kasuwancin mahaifinsa.

A 1903 ruwa ya cinye ramin haƙar, ya tafi da jarin uban da dukiyar da matar ta zo da ita. Antonietta ta samu taɓin hankali. Ta riƙa zarginsa da cin amana, tana ganin wani mutum daban a jikinsa. Haka ya zauna da ita har 1919, lokacin da aka kai ta asibiti.

Yana jinyarta ya rubuta Il fu Mattia Pascal, wato Marigayi Mattia Pascal, wanda ya fito a 1904. Mattia ya karanta labarin mutuwarsa a jarida, domin an tsinci wata gawa an ce tasa ce. Ya yi murna, ya sauya suna zuwa Adriano Meis, ya tare a Rum. Amma babu takarda. Aka yi masa sata ya kasa kai ƙara, ya samu wadda yake so ya kasa aurenta. Duk wanda aka taɓa rufe wa layi saboda rashin NIN zai ɗan ɗanɗani halin da ya shiga. Da ya koma gida, ya tarar matarsa ta auri abokinsa.

A littafinsa na 1926 kuwa, matar jarumin ce kawai ta ce hancinsa a karkace yake, daga nan ya daina gane kansa.

Akwai tabon da ba na iya kau da kai a kansa: a 1924 ya shiga jam'iyyar Mussolini da ƙafarsa.

Ya ci kyautar Nobel a 1934, ya mutu a Rum ranar 10 ga Disamba, 1936. Ya bar wasiyyar kada a yi masa taro, kada kowa ya raka gawarsa.