Marigayi Malam Aminu Kano Da Kayan Da Aka Sauke Wa Talaka

An haifi Malam Aminu a unguwar Sudawa cikin birnin Kano a shekarar 1920. Mahaifinsa, Malam Yusufu, malami ne, mufuti a kotun alƙali. Wato dai ɗan gidan ilmi ne, da ya so da ya raɓa da fada ya ci arzikinsa cikin kwanciyar hankali. Ya yi Midil ta Kano da Kwalejin Kaduna, ya koyar a Bauchi inda ya yi hulɗa da Malam Sa'adu Zungur, ya tafi Landan ƙaro ilmi a 1946. A 1950 ya ajiye aikin koyarwa ya shiga jam'iyyar NEPU, a 1953 ya zama shugabanta.

To, yaranmu da aka haifa nan kurmi ba su san haraji da jangali ba, sai mun ɗan yi bayani. Haraji kuɗi ne da kowane baligi namiji zai biya duk shekara, jangali kuwa a kan kowace saniya. Mai unguwa ya tara ya kai wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, daga nan sai baitulmalin En'e. Damina ta yi kyau ko ba ta yi ba, sai ka biya. Mai dami goma da mai dami ɗari kusan abu ɗaya ake nema wurinsu. Wanda ya rasa, ya sayar da akuyar matarsa, ko ya ci bashi a kan gyaɗar da bai cire ba. Ga kuma aikin tilas a gonar hakimi. Gaskiya ne fataucin goro da shanu ne ya kafa yawancin zangunanmu, amma da dama daga cikin iyayenmu cin rani ne ya kawo su neman kuɗin haraji, suka zo ba su koma ba.

Abin da Malam ya tsaya a kai shi ne talaucin nan ba duka ne daga sama ba, akwai hannun hukuma a ciki, kuma abin da hukuma ta ɗora ita za ta sauke. 'Yan NEPU sun sha ɗauri da bulala a kan wannan magana. Shi kansa sai a 1959 ya ci zaɓen majalisar tarayya. Daga baya ya riƙe kwamishinan sadarwa da na lafiya a gwamnatin Gowon.

Alƙawarin bai cika ba sai 1979, da jam'iyyarsa ta PRP ta ci jihohin Kano da Kaduna. Abubakar Rimi da Balarabe Musa suna hawa suka soke haraji da jangali. Masu suka sun ce an yanke wa ƙananan hukumomi hanyar samun kuɗi, kuma maganarsu tana da kama. Amma mu 'yan kasuwa mun san kuɗin da aka bar wa mutum a aljihunsa ya fi wanda aka ce za a raba masa, domin na farko bai bi ta hannun kowa ba. Mun ga Bankin Talakawa na 1989, mun ga shirin NAPEP na 2001, duk sun zo sun wuce, kafin abin ya iso ƙauye ya ƙare a hanya. Soke haraji kuwa, ranar da aka yi shi kowane manomi ya ji a jikinsa.

Malam bai ɗauka sauke kaya kaɗai ya isa ba. Ya dage kan karatu, musamman na mata, da ba su 'yancin jefa ƙuri'a, a lokacin da faɗin haka ke jawo zagi. Gwamnatin Rimi ta kafa hukumar yaƙi da jahilci a 1980, magidanta da matan aure suka koma aji.

Abin baƙin ciki, jam'iyyar ta rabu biyu, Santsi da Taɓo, gwamnonin nan suka saɓa da Malam, aka tsige Balarabe a 1981. Allah ya yi wa Malam rasuwa ranar 17 ga Afrilu, 1983, ana shirin zaɓe. Allah ya jiƙansa. Gidansa na Gwammaja, wanda ake kira Mambayya, yana hannun Jami'ar Bayero, an mayar da shi cibiyar nazarin siyasa. Wanda ya je Kano sarin kaya, ya daure ya leƙa.