RABE: JARUMI KO AZZALUMI?

Har yau idan tsofaffi suka zauna hira a bakin Komadugu, daga Difa zuwa Boso, aka ambaci sunan Rabe, sai ka ji magana ta rabu biyu. Wani ya ce jarumi ne wanda ya tsaya wa Nasara har ya mutu. Wani kuwa ya ce azzalumi ne wanda ya rushe Barno, ya mai da 'ya'ya bayi. Mai karatu, bari mu bi labarin mutumin nan, gama akwai abin koyo a cikinsa.

Asalinsa

An haifi Rabe wajen shekara ta 1842 a Halfaya, kusa da Hartum, a ƙasar Sudan. Ya yi aikin soja tun yana saurayi. Daga baya ya shiga hidimar Zubairu Rahama, babban mai fataucin bayi da hauren giwa a Baharul Gazal, har ya zama ɗaya daga cikin manyan sarakunan yaƙinsa. Da gwamnatin Masar ta tsare Zubairu a Alƙahira, ɗansa Sulaimanu ya yi tawaye, aka ci shi da yaƙi, aka kashe shi a 1879. Rabe ya ƙi miƙa wuya. Ya kwashi mayaƙa 'yan ɗaruruwa da bindigoginsu, ya nufi yamma.

Shekara goma sha huɗu yana yawo da rundunarsa. Abincinsu daga hari yake fitowa. Sukan kama mutane su sayar, su sayi bindiga da albarushi, samarin da suka kama kuwa su mai da su sojoji. Da haka rundunar ta yi ta ƙaruwa, har ya ci Bagirmi a 1893.

Faɗuwar Barno

A shekarar nan ta 1893 ya shiga Barno. Rundunar Shehu Hashimu ta fi tasa yawa nesa, amma mutanen Rabe sun fi horo, sun kuma fi bindigogi. Aka kori Barebari a Amja. Rabe ya shiga Kukawa, birnin da Shehu Laminu ya gina, ya washe shi, ya rushe shi. Hashimu ya gudu ya haye Komadugu zuwa arewa. Can ɗan ɗan'uwansa Kiyari ya sa aka kashe shi, shi kuwa ya karɓi sarauta.

A 1894 Kiyari ya gamu da Rabe a Gashagar, a bakin kogin nan namu. Da fari Kiyari ya yi nasara, har ya kama sansanin abokin gābansa. Amma mayaƙansa suka shagala da kwasar ganima. Rabe ya tattara mutanensa, ya komo, ya fāɗa musu. Aka kama Kiyari, aka kashe shi. Dubi yadda kwaɗayin yini ɗaya ya ɓatar da mulkin da ya daɗe.

Rabe ya kafa gadonsa a Dikwa. Ya tsara haraji, ya raba rundunarsa tuta tuta, kowace da shugabanta, ya yi shari'a mai tsanani. Ya ɗauki tutar Mahadi, ya ƙulla abota da Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Bello, har ya ba shi 'yarsa aure. Amma abotar ba ta ɗore ba. A 1898 Hayatu ya nemi ficewa daga Dikwa, Fadlalla ɗan Rabe ya bi shi, aka kashe shi.

Ƙarshensa

A lokacin nan Faransawa suna matsowa Tafkin Cadi ta hanya uku: daga Aljeriya, daga Kongo, da kuma daga kogin Kwara ta Damagaram. A 1899 Rabe ya hallaka ƙungiyar Bretonnet a Togbawo. Ran 22 ga Afrilu, 1900, rundunonin uku suka haɗu a kansa a Kusuri. Aka kashe Rabe, aka yanke kansa aka nuna wa jama'a. Kwamanda Lamy, shugaban sojan Faransa, shi ma ya mutu a ranar. Da sunansa aka kira birnin Fort-Lamy, wanda aka mai da shi Njamena a 1973. Fadlalla ya ci gaba da yaƙi har aka kashe shi a Gujba a 1901. Mulkin da aka gina da jini mai yawa bai wuce shekara bakwai ba.

Wa zai yanke hukunci?

Masu yabon Rabe suna da hujja. Bai sayar da ƙasa ga baƙi ba. Waɗanda suka kashe shi ma hannunsu ba wankakke ba ne, gama rundunar Voulet da Chanoine ta ƙone garuruwa, ta karkashe mutane a Birnin Ƙonni a 1899. Masu zarginsa kuma suna da hujja. Matan da aka raba da 'ya'yansu, da garuruwan da suka zama kufai, ba su amfana da jaruntakarsa ba. Mutanen kwarin nan, waɗanda suka ga harin da aka kawo wa Difa da Boso a 2015, sun san abin da ake nufi da gudun hijira.

To, mutane za su yi ta gardama. Amma Littafi Mai Tsarki ya koya mana a Ibraniyawa 9:27 cewa mutuwa sau ɗaya take zuwa wa mutum, shari'ar Allah kuma tana biye da ita. A gaban Mai Shari'ar nan babu maroƙi, babu tuta, babu bindiga. Rabe zai tsaya, Lamy zai tsaya, bawan da aka sayar a kasuwa zai tsaya. Kai ma za ka tsaya.

Wataƙila ka ce kai ba ka taɓa ƙone gari ba. Gaskiya ne. Amma Allah yana duban zuciya. Kwaɗayin da ya kā da mayaƙan Kiyari, da girman kan da ya tura Rabe daga ƙasa zuwa ƙasa, irinsu yana cikin zuciyar kowane ɗan Adam. Romawa 3:23 ta nuna ba wanda ya kuɓuta daga zunubi.

Akwai wani Sarki dabam. Yesu Almasihu bai tara runduna ba. A daren da aka kama shi, ya hana almajirinsa yin faɗa da takobi. Rabe ya zub da jinin waɗansu domin ya sami mulki, Yesu kuwa ya ba da jinin kansa a kan gicciye domin ya fanshi bayin zunubi. Rabe ya mutu, mulkinsa ya watse. Yesu ya mutu, a rana ta uku ya tashi, mulkinsa ba shi da matuƙa.

Ɗan'uwa, abin da mutane za su faɗa a kanka bayan ka mutu ba zai cece ka ba, ba kuwa zai hallaka ka ba. Hukuncin Allah shi ne mai tsayawa. Ka tuba yau, ka furta zunubanka gare shi, ka ba da gaskiya ga Yesu Almasihu Mai Ceto, za ka sami gafara da rai madawwami. Idan kana so ka ƙara sani, nemi Sabon Alkawari ka karanta Bishara ta hannun Yohanna, ko kuwa ka yi magana da wani mai bin Yesu da ke kusa da kai.