Clarence Little, Uban Ɓerayen Bincike

A wannan mako mun kawo muku tarihin Clarence Little, masanin Amurka da aka haifa a 1888. Tun yana ɗalibi a Harvard ya riƙa haɗa ɓeraye 'yan uwa ɗaya suna hayayyafa, har jikokinsu suka zama tamkar tagwaye, don gwaji a kansu ya zama abin dogaro. A 1929 ya kafa cibiyar Jackson, inda daga baya aka samu ɓerayen nazarin ƙiba da ciwon suga. Amma daga 1954 ya yi wa kamfanonin taba aiki, yana cewa ba a tabbatar sigari na jawo kansar huhu ba. Ya rasu a 1971. 'Yan'uwa ɗalibai, ilimi amana ne, kada mu sayar da shi.