Eli Mechnikof, Mutumin Da Ya Gano Masu Gadin Jiki

An haifi Eli Mechnikof a shekarar 1845 a wani ƙauye kusa da birnin Harkif, wanda a lokacin yake ƙarƙashin daular Rasha, yanzu kuma yana cikin ƙasar Yukren. Ilimin dabbobi ya karanta, ya kuma koyar a jami'ar Odesa. Tarin fuka ya kashe matarsa ta fari a 1873, har baƙin ciki ya kusa halaka shi.

A 1882 ya ajiye koyarwa ya tafi garin Mesina na ƙasar Italiya. Can ne ya soka ƙaya a jikin ɗan wata dabbar teku mai siffar tauraro, wanda ana hango cikinsa kamar gilashi. Da gari ya waye ya duba da madubin likita, sai ya tarar wasu ƙwayoyin jikin sun yi wa ƙayar taron dangi. Daga nan ya gane cewa da masu gadinsa ake haihuwar mutum, su ke haɗiye duk baƙon da ya kutso, kumburi kuwa alamar faɗan nan ce.

Manyan likitocin Jamus sun daɗe suna ja da shi, don su a ganinsu ruwan jini ke kare jiki. A 1888 ya koma Cibiyar Pasteur ta Paris. A 1908 aka ba shi lambar Nobel tare da Bajamushe Paul Ehrlich. Ya rasu a Paris a 1916.

Abin da ya rage a bayansa shi ne yadda masu gadin ke bambanta baƙo da ɗan gida. Sai a shekarun 1990 aka gano cewa suna da wasu ƴan kafofin gane alama, masu aiki kamar jami'in da ke duba takardu a kan iyaka. Idan suka yi kuskure suka ɗauki ɗan gida a matsayin baƙo, sai jiki ya shiga yaƙar kansa, kamar a cutar lufus mai kama fata da gaɓɓai da ƙoda, wadda ta fi addabar mata.

Cikin magungunan da ke kwantar da waɗannan kafofi akwai haidiroksikulorokwin, dangin kulorokwin na zazzaɓi da kowa ya sani a kasuwa. To amma a yi hattara, shansa na tsawon lokaci yana iya taɓa idanu. Likita ne zai rubuta shi, ya kuma riƙa sa ana duba idon mai sha.