Imam Muhammadu ɗan Hasan Asshaibani, Malamin da Ya Raba Darensa da Baƙo

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, duk wanda ya taɓa durƙusawa gaban malami a zaure ya karanta Risala ko Muhtasar ya san sunan Imam Maliku, ya kuma sha jin Ibnul Ƙasim da Sahnunu. Amma kaɗan ne suka san cewa akwai wani malami mutumin Iraƙi, wanda ba ma mabiyin mazhabar Maliku ba ne, da ya ke da hannu cikin yadda fiƙihun Malikiyya ya tattaru har ya iso ƙasar Hausa. Wannan malami shi ne Muhammadu ɗan Hasan Asshaibani, almajirin Imam Abu Hanifa. Abin da ya sa hannunsa cikin wannan aiki kuwa bai wuce ƙoƙon ruwa da 'yan darare da ya sadaukar ga wani baƙo ba.

An haifi Muhammadu a garin Wasiɗ na ƙasar Iraƙi a shekara ta 132 bayan Hijira, watau wajen 750 Miladiyya, shekarar da mulki ya fita daga hannun Banu Umayya ya koma ga Abbasiyawa. Mahaifinsa soja ne cikin rundunar Sham. A Kufa yaron ya tashi, lokacin da garin ya ke cike da malaman fiƙihu da na hadisi da na lugga. Masu tarihi sun ce mahaifinsa ya bar masa gadon dirhami 30,000, ya kashe rabi wajen koyon nahawu da waƙoƙin Larabawa, rabin kuma wajen hadisi da fiƙihu.

Yana da shekara 14 ya fara zuwa majalisin Abu Hanifa. An ruwaito cewa tambaya ce ta kai shi, game da yaron da ya yi sallar Lisha sa'an nan ya balaga cikin wannan dare, ko zai sake sallar. Abu Hanifa bai raina shi ba don ƙuruciyarsa, ya amsa masa cewa zai sake. Nan take yaron ya koma gefen masallaci ya ta da salla. Malamin ya lura da haka, ya yi masa fatan alheri a gaban jama'a, ya ce yana ganin alamar rabo tare da shi. Da yaron ya nemi zama almajiri, sai ya umurce shi ya fara haddace Alƙur'ani. Ya tafi ya haddace ya komo, bai rabu da malamin ba har ya rasu a shekara ta 150.

A wannan majalisi kula da almajiri abu ne da aka saba gani. Babban almajirin Abu Hanifa, watau Abu Yusufa, ɗan talakawa ne, har mahaifinsa ya taɓa janye shi daga karatu domin ya nemi abin da za a ci. Abu Hanifa ya ga kwana biyu bai gan shi ba, ya yi cigiyarsa. Da ya ji dalili, ya ba shi ƙunshin dirhami 100, ya ce ya lizimci karatu, in sun ƙare ya sanar da shi. Tun daga nan bai taɓa bari sai yaron ya buɗe baki ya roƙa ba, kafin kuɗin su ƙare ya aiko da waɗansu. Wannan ɗan talakawa shi ne ya zama Alƙalin Alƙalai a zamanin Halifa Haruna Rashidu. Wurinsa Muhammadu ya ci gaba da karatu bayan rasuwar Abu Hanifa.

Muhammadu bai tsaya ga malaman garinsu kaɗai ba. Ya ɗauki hadisi wurin Sufyanu Assauri da Auza'i malamin Sham, sa'an nan ya tafi Madina ya zauna wurin Imam Maliku shekara uku, ya ji hadisai fiye da 700 daga bakinsa. Ruwayarsa ta littafin Muwaɗɗa tana nan har yau ana karantawa, ko da ya ke ruwayar Yahaya ɗan Yahaya Allaisi ita ce aka fi sani a ƙasashen Malikiyya. Duk da girman da ya ke ba Maliku, ya saɓa wa malaman Madina cikin mas'aloli masu yawa, har ya wallafa littafi sukutum yana kafa musu hujja. Da ya zauna a Bagadaza, almajirai suka yi ta tuɗaɗowa, musamman ran da zai karantar da abin da ya ji daga Maliku, sai gidan ya cika maƙil.

Cikin wannan taro ne wani saurayi baƙo ya iso daga yamma mai nisa, sunansa Asadu ɗan Furatu. A Ƙairawan ya tashi, cikin ƙasar Tunisiya ta yau, ya karanta Muwaɗɗa a Tunis wurin Aliyu ɗan Ziyadu. A shekara ta 172 ya yi gabas, ya zauna gaban Maliku kansa. Mutum ne mai yawan tambaya, in aka ba shi hukuncin mas'ala sai ya ce to in da abin kaza ne fa. Maliku kuwa ba ya son a riƙa ƙaddara abin da bai auku ba, saboda haka ya nuna masa cewa in irin wannan ya ke so, sai ya nufi Iraƙi.

Asadu ya isa Iraƙi, ya tarar ba ya samun abin da ya zo nema. Almajirai sun yi yawa, abin da ke isa kunnensa kaɗan ne, ga guzuri yana ta raguwa. Rannan ya yi ƙarfin hali ya tsaya gaban Muhammadu ɗan Hasan ya kai kukansa, ya ce shi baƙo ne, abin hannunsa kaɗan ne, ba zai iya daɗewa ba. Da malamin ya ce masa ya yi haƙuri ya bi sahu kamar kowa, ba wanda zai ga laifinsa, domin ga ɗaruruwan almajirai, ga wallafe-wallafe, ga masu neman fatawa. Amma sai ya ce masa ya riƙa zama tare da mutanen Iraƙi da rana, dare kuwa ya ware masa shi kaɗai, ya zo ya riƙa kwana a gidansa.

Haka aka yi. In dare ya yi sai malamin ya sauko wurinsa, ya ajiye ƙoƙon ruwa a gabansa, ya buɗe littafi ya kama karatu. In dare ya tsala almajirin ya fara gyangyaɗi, sai malamin ya tsoma hannu cikin ruwan ya yayyafa masa a fuska, ya farka, a ci gaba. Bai tsawata masa ba, bai rufe littafi ya yi fushi ba. Dama al'adarsa ce ya ajiye ruwa kusa da shi da dare yana korar barci da shi in yana nazari, sai ya yi wa baƙon abin da ya ke yi wa kansa. Suka yi ta haka har Asadu ya ji duk abin da ya ke so ya ji.

Wata rana kuma malamin ya hangi Asadu yana shan ruwan sadaka, irin wanda a kan ajiye a bakin hanya domin matafiya. Daga wannan kaɗai ya gane cewa guzurin almajirin ya ƙare, yana ɓoyewa ne don kunya. Ya aika masa da dinari 80, ya ci gaba da kula da ciyarwarsa, da ya tashi barin Iraƙi kuma ya haɗa masa guzurin hanya.

A shekara ta 179 labarin rasuwar Imam Maliku ya iso Iraƙi. Asadu ya ga irin juyayin da malaman ƙasar suka yi, sai ya ƙudura zai tattara fiƙihun Maliku. Ya nufi Masar wurin Abdurrahman Ibnul Ƙasim, wanda ya lizimci Maliku wajen shekara 20. Ya fito da mas'alolin da ya koyo a dararen nan, a jere babi babi kamar yadda mutanen Iraƙi suka tsara su, yana tambayarsa hukuncin kowacce a wurin Maliku. Inda Ibnul Ƙasim ya haddace maganar Maliku ya faɗa, inda bai haddace ba ya yi ƙiyasi bisa abin da ya ji, ko ya faɗi nasa ra'ayi. Abin da aka tara shi ne littafin da a ke kira Asadiyya, wanda Asadu ya koma da shi Ƙairawan a shekara ta 181.

Daga baya Sahnunu ya ɗauki kwafin Asadiyya ya kai wa Ibnul Ƙasim, suka bi shi suna gyarawa, sa'an nan ya sake tsara shi ya ƙara masa hadisai da maganganun magabata. Wannan shi ne Mudawwana, uwar littattafan Malikiyya bayan Muwaɗɗa. Ibnu Abi Zaid mai Risala, wanda ya rasu a shekara ta 386, a Ƙairawan ya tashi cikin wannan karatu, har ya taƙaita Mudawwana da kansa. Shaihu Halilu mai Muhtasar kuwa ya ware lafazi na musamman da ya ke nuni da shi zuwa ga Mudawwana cikin littafinsa. Waɗannan su ne littattafan da a ke karantawa a zaurukan Kano da Sakkwato da Katsina da Zariya da Damagaram, su ne kuma alƙalai suka daɗe suna hukunci da su. Hukuncin na Maliku ne da almajiransa, amma jerin tambayoyin da aka gina littafin farko a kansu daga gidan Muhammadu ɗan Hasan ya fito.

Shi kuwa Asadu ya zama alƙalin Ƙairawan. A shekara ta 212, watau 827 Miladiyya, Sarki Ziyadatullahi na gidan Aglabawa ya naɗa shi shugaban rundunar da ta ƙetare teku zuwa tsibirin Siƙiliya, wanda ke cikin ƙasar Italiya yanzu. Can ya rasu a shekara ta 213, yana kewaye da birnin Sirakusa, yana da shekara wajen 70.

Ba Asadu kaɗai ya ci moriyar Muhammadu ɗan Hasan ba. An ruwaito cewa a shekara ta 184 an kawo Imam Shafi'i daga Yaman a ɗaure, bisa zargin goyon bayan masu tawaye, aka tsai da shi gaban Haruna Rashidu. Muhammadu yana wurin, ya shaidi mutumin da ilmi, ya ce abin da a ke zarginsa da shi ba halinsa ba ne. Halifa ya danƙa shi a hannunsa. Shafi'i ya zauna wurinsa ya rubuta ilmin da ya kai kayan raƙumi guda, malamin kuwa yana taimakonsa da kuɗi. Sun yi ta muhawara, sun saɓa cikin mas'aloli da yawa, amma har ƙarshen ransa Shafi'i yana yabon fasaharsa da sauƙin halinsa.

Wannan taushin zuciya bai hana shi tsayawa kan gaskiya ba. Haruna ya naɗa shi alƙalin Raƙƙa. Da Halifa ya so ya warware takardar aminci da ya rubuta wa Yahaya ɗan Abdullahi, daga zuriyar Sayyidina Hasan, ya tara malamai domin su nemo masa kafa. Muhammadu ya duba takardar ya ce alkawari ne ingantacce, ba shi da mawarwara. An ruwaito cewa Halifa ya fusata har ya jefe shi da kurtun tawada ya ji masa rauni a fuska. An raba shi da alƙalanci, sai daga baya suka shirya.

Littattafansa shida, watau Al'aslu, da Jami'us Sagir, da Jami'ul Kabir, da Siyarus Sagir, da Siyarul Kabir, da Ziyadat, su ne ginshiƙin mazhabar Hanafiyya. Abin da ya rubuta kan hukunce-hukuncen yaƙi da sulhu da amanar baƙi yana cikin mafi daɗewar rubuce-rubuce kan dokokin hulɗa tsakanin ƙasashe, har aka fassara wani sashe nasa da Turanci a 1966. Ya rasu a shekara ta 189, watau 805 Miladiyya, kusa da Rayyu, daura da birnin Tehran na yau, yana cikin tawagar Halifa. An ce ran nan ne kuma Kisa'i malamin ƙira'a da nahawu ya rasu, har Haruna ya ce ya binne fiƙihu da Larabci rana ɗaya.

Sa'ad da Muhammadu ɗan Hasan ke yayyafa ruwa a fuskar wannan saurayi, bai san zai zama alƙali ko shugaban runduna ba, bai kuma san abin da ya koya masa zai ƙare wajen gina mazhabar da shi kansa ya ke muhawara da ita ba. Baƙo ya gani cikin ƙunci, ya lura da abin da kunya ta hana shi faɗi. Hausawa sun ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Har yau makarantun allo da na ilmi da jami'o'i cike su ke da yaran da suka baro ƙauyukansu, waɗansu na kwana da yunwa ba su faɗa ba, waɗansu na zaune a ƙarshen sahu karatu bai isa kunnensu ba. Da yawa daga cikinsu ba su bukatar abin da ya wuce malamin da zai yi cigiyarsu ran da bai gan su ba, ko maƙwabcin da zai lura ya aika da ƙwaryar tuwo tun ba a roƙe shi ba. Malaman da saɓanin fahimta ya sa ba sa ga-maciji da juna kuma, suna da abin dubawa ga mutumin da ya wallafa littafi yana raddi ga malaman Madina, sa'an nan ya hana idonsa barci saboda almajirinsu.

Allah ya jiƙan Muhammadu ɗan Hasan da malamansa da almajiransa, ya saka musu da mafificin sakamako, ya ba Musulmi ikon kula da baƙo da mai rauni. Amin.