Mai Albarka Nikolas Steno: Bishop Da Ya Karanta Tarihin Duwatsu

A wannan fitowa za mu waiwayi rayuwar wani bawan Allah wanda masana duwatsu na duniya suka fi mu saninsa, ko da yake bishop ne na Ikilisiyarmu. Sunansa na yanka Niels Stensen, amma da Nikolas Steno aka fi kiransa.

An haife shi a birnin Kopenhagen ta ƙasar Danmak a watan Janairu na 1638. Mahaifinsa maƙerin zinariya ne, gidansu kuwa mabiya ɗarikar Luta ne, kamar kusan kowa a ƙasar a lokacin. Ya yi ƙuruciya cikin yawan ciwo. Da ya girma ya karanta aikin likita a jami'ar garinsu, sa'an nan ya wuce Holan neman ƙarin sani. A can ne, a 1660, yana fiɗar kan tunkiya, ya gano 'yar hanyar da miyau ke bi daga gefen kunne zuwa cikin baki. Har yau likitoci da sunansa suke kiran wannan hanya. Ya kuma nuna cewa zuciya tsoka ce mai aiki kamar sauran tsokokin jiki, a zamanin da malamai da yawa ke ɗaukarta murhun da ke ba jiki zafi. Halinsa ke nan tun yana saurayi: ba ya karɓar magana don wani babba ya faɗa, sai ya duba da idonsa.

A 1666 ya isa Florens ta Italiya, inda sarkin Tuskani, Fardinando na Biyu, ya karɓe shi hannu bibbiyu. A watan Oktoba na shekarar masunta suka kama wani ƙaton kifin shak kusa da garin Livorno, sarki ya sa aka kai wa Steno kan kifin ya fiɗe. Da ya dubi haƙoran, sai ya ga ba su da maraba da waɗansu 'yan duwatsu masu kama da harshe da ake tonowa a tsibirin Malta. Mutanen tsibirin sun daɗe suna cewa harsunan macizai ne da Bulus Manzo ya mai da su dutse, bayan macijin nan da ya naɗe masa hannu, kamar yadda muke karantawa a Ayyukan Manzanni sura 28. Waɗansu malamai kuma suka ce duwatsun tsirowa suke yi a cikin ƙasa. Steno ya rubuta a 1667 cewa haƙoran kifi ne na gaske, na kifayen da suka mutu tun da daɗewa.

To, amma me ya kai haƙorin kifi cikin dutse, a kan tudu, nesa da ruwa? Wannan tambaya ta sa shi yawo cikin tsaunuka da ramukan haƙar dutse na Tuskani, har ya fitar da wani ɗan ƙaramin littafi a 1669 wanda aka fi sani da Prodromus. Abin da ya bayyana, duk mai haƙar rijiya zai gane shi, don yana ganin yadda ƙasa take hawa-hawa: yashi, yumɓu, marmara, kowanne da launinsa. Steno ya ce kowane hawa laka ce ko yashi da ya kwanta a ƙarƙashin ruwa, ya binne abin da ya tarar, daga baya ya taurare. Saboda haka hawan da ke ƙasa ya girmi na samansa. Tun da kuwa laka a cikin ruwa a shimfiɗe take kwanciya, duk inda aka ga hawan dutse ya karkace ko ya miƙe tsaye, to wani abu ne ya same shi daga baya, ko wutar ƙarƙashin ƙasa ta tunkuɗo shi, ko ƙasa ta zurma da shi. Da wannan hanya ya tsara tarihin ƙasar Tuskani mataki shida, teku na rufe ta tana janyewa.

Ma'anar maganarsa ita ce fuskar ƙasa tana sakewa, kuma ana iya karanta labarin sakewar a jikin duwatsu. Bai san tsawon zamanin da abin ya ɗauka ba. Ya ɗauka shekarun duniya 'yan dubbai ne, ya kuma yi ƙoƙarin haɗa abin da ya gani da ruwan tsufana na zamanin Nuhu. A nan ilimin zamaninsa ya tsaya. Sai a 1912 Alfred Wegener na Jamus ya ce nahiyoyi ma tafiya suke yi, aka yi ta musu har shekarun 1960 kafin a tabbatar cewa ɓawon duniya ya kasu manyan faifai masu motsin 'yan santimita a shekara. Inda suka yi karo tsaunuka ke tasowa, inda suka goga juna ƙasa ke girgiza. Shi ya sa ake samun burbushin halittun teku a ƙolin tsaunin Everest, haka ma a dutsen farar ƙasa na Kalambaina kusa da Sakkwato. Masu binciken waɗannan wurare da ƙa'idodin Steno suke fara karatu.

A daidai wannan lokaci wata tambayar dabam tana cin ransa. A 1666 ya ga jerin gwanon idin Jiki da Jinin Kristi a Livorno, abin ya tsaya masa a zuciya: ko dai gurasa ce kawai jama'a suke durƙusa wa, ko kuwa Ubangiji ne da kansa. Ya bi tambayar yadda ya saba bin kowace, ya koma ga Littafi Mai Tsarki da rubuce-rubucen iyayen Ikilisiya na farko. Ranar 2 ga Nuwamba 1667, ranar tunawa da matattu masu bi, ya yanke shawarar shiga Ikilisiyar Katolika. Ba ƙaramin abu ya sayar ba, domin a Danmak ta lokacin ɗan Katolika ba ya samun kujerar farfesa a jami'a.

Aka naɗa shi firist a 1675, bishop kuma a 1677. Paparoma Innosent na 11 ya aike shi arewacin Jamus, inda Katolika 'yan tsiraru ne a warwatse. Ya yi aiki a Hanover, sa'an nan ya zama mataimakin bishop a Munster daga 1680. A 1683 ya bar wurin, don bai yarda da yadda kuɗi ya shiga zaɓen sabon bishop ba. Mutumin da ya saba da fadar sarakuna ya koma yawan azumi da tsofaffin tufafi, har ya sayar da zobensa da gicciyensa na bishop ya ba matalauta. Waɗansu suna ganin ilimi ya yi hasara da ya ajiye binciken duwatsu, kuma da gaskiyarsu, don babban littafin da ya yi alkawari bai taɓa fitowa ba. Shi dai bai nuna ya yi da-na-sani ba.

Ya rasu a garin Schwerin a ƙarshen 1686, yana da shekara 48, bayan ciwon ciki mai tsanani. Sarki Kosimo na Uku ya sa aka ɗauko gawarsa zuwa Florens, aka binne a majami'ar San Lorenzo. Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya ɗaga shi zuwa matsayin Mai Albarka ranar 23 ga Oktoba 1988, ana kuma tunawa da shi ranar 5 ga Disamba.